Gaisuwar Malam Ila

Daminar 1988, shekarar fara, Yahuza ya fara ganin Zalika a biro, wato ofishin yaƙi da fara na Tanout. Tana zaune gaban odinatar, wato kwamfuta, tana buga saƙonnin da ƙauyuka ke aikowa ta rediyo. Ta ɗago ido, shi kuwa bawan Allah ya manta abin da ya shigo ɗauka.

Shi ya rubuta wa na'urar tsarin tsince saƙo. A farkon kowane layi kaɗai za ta nemi kalmar GARI ta ɗauki sunan da ke biye, sannan ta ɗauki yawan gonakin da fara ta sauka. Da abin da ta tsinto ake tura kamyo, babbar motar kai maganin fara. Alamar farkon layin wata 'yar aba ce, ^, Zalika ta raɗa mata malafa, shi kuma ta koma kiransa Mai Malafa.

Soyayya ta yi ƙarfi, amma mahaifinta Malam Ila, mai garin Dan Ila a kwarin Tarka, ya ce bai san asalin Yahuza ɗan Damagaram ba. Shi Sule direban kamyo, wanda shi ma ke neman ta, ya sani, tare da ubansa suka yi kiwo.

Ana cikin haka fara ta sauka a Dan Ila. Kamyo ya zaga maƙwabta ya wuce su. Sule bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya kai wa tsoho labari cewa Yahuza ne ya cire garin don haushin an hana shi mata.

Zalika ta shigo biro idanunta jawur.

"Geron babana ne, Yahuza. Da hannuna na buga saƙonsa."

Yau ba ta kira shi Mai Malafa ba, abin ya soke shi ƙwarai. Ya nemo layin saƙon Dan Ila, ga shi kuwa:

"Salamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ina ruwa? GARI Dan Ila GONAKI 40."

A saƙon kowa Zalika takan yanke gaisuwa ta buga abin da ake so. Na mahaifinta ne hannunta ya kasa yankewa. Na'ura ta duba farkon layi, ba ta ga GARI ba, ta tsallake shi gaba ɗaya.

"Laifina ne ke nan," ta ce a hankali.

"A'a, Zali. Ni na rubuta tsarin da bai san mutanenmu na gaisawa ba."

Ya goge malafar, ya sake saka na'ura ta nemi GARI ko'ina a cikin layi. Dan Ila ta fito, da wasu ƙauyuka biyu na dattawa masu dogon sallama. Ya ruga wurin shugaban biro, kafin azahar yana bayan kamyo rungume da durom ɗin magani, Sule na tuƙi fuska a murtuke.

Gonakin gabas sun riga sun tafi, sauran suka tsira. Yahuza ya durƙusa gaban Malam Ila, ya gaishe shi har ƙarshe, sannan ya faɗi yadda aka yi, bai ambaci Zalika ba.

"To yanzu ƙarfen naka ya koyi amsa sallama?"

"Ya dai koyi jira a gama, Baba."

Tsoho ya daɗe yana kallon zangarniyar da ta rage. Sannan ya ce a turo magabata bayan girbi.

Da geron da ya tsira aka dama furar biki. Ranar da suka koma aiki, Yahuza ya tarar da layi ɗaya a na'ura:

"Salamu alaikum Mai Malafata. Ina kwana, ina gajiyar biki? GARI zuciyata."

Na'ura ta tsinto shi sarai. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.