Surukar Auta Mai Zuwa Coci

Auta tana kicin tana yanka albasa ta jiyo sallamar mahaifiyarta daga falo. Ta saki wuƙar ta fito da sauri, tsohon cikinta yana gaba tana biye.

"Oyoyo Umma! Ko waya babu?"

"Au, sai na nemi izini kafin in zo gidan 'yata?" in ji Umma, tana bin falon da kallo kamar mai neman datti.

Kafin Auta ta ba da amsa, ƙofar ɗakin da ke kusa da falo ta buɗe. Mama ce, uwar mijinta, ta fito tana dogara sanda. Tun da ta zame a banɗaki gwiwarta ta goce, ɗanta ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa. Mijin Auta malamin lissafi ne a sakandare, kowa Tica yake ce masa. Musulmi ne kamar marigayi mahaifinsa, amma Mama Kirista ce tun haihuwarta, kuma a haka ta yi zaman aurenta har mutuwa ta raba.

"Sannu da zuwa, Hajiya," Mama ta ce da fara'a, ta miƙo hannu.

Umma ta dubi hannun sama da ƙasa, ta cusa nata cikin mayafi.

"Yauwa," ta ce ta hanci.

Mama ta janye hannunta a hankali ta gyara riƙon sanda, ta koma ɗakinta. Kafin ƙofar ta rufu idon Umma ya sauka kan ɗan gicciyen katako da ke rataye saman gado. Ta ja wani dogon tsaki.

"Haba Umma, filis mana!" Auta ta ce ƙasa-ƙasa. "Tana ji fa."

"Ta ji mana! Tsoronta nake yi? Ke dai kin ji kunya. Maza nawa suka yi layi a ƙofar gidanmu, kika tsallake su kika kwaso mai uwa irin wannan." Ta ture farantin abincin da Auta ta ajiye mata da yatsa ɗaya. "Ta sa hannu a girkin nan?"

"Tumatir kawai ta gyara mini."

"Ɗauke abinki." Umma ta gyara zama. "Ba ci ya kawo ni ba. An ce an gan ki ranar Lahadi a ƙofar coci, da hijabinki har ƙasa. Gaskiya ne?"

"Mama na kai a mota. Tica yana koyar da 'yan jarrabawa ranar, ita kuma ƙafarta ba ta hawa bas. A waje nake jiranta, ban taɓa shiga ba."

"Direbar coci! Sannu da aiki!" Umma ta tafa hannu tana dariyar raini. "To buɗe kunnenki. Jikana ba zai buɗe ido a gidan da aka rataye wancan abin ba. Ko matar nan ta bar gidan kafin ki sauka, ko ki tattaro ki dawo ɗakina. In kin zaɓe ta, to ki riƙe ta a uwa."

Ta suri jakarta ta fice, ko ruwa ba ta sha ba.

Auta ta zube kan kujera ta fashe da kuka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, a can ƙofar cocin ma ba ta tsira ba. Akwai wata ƙawar Mama mai faffaɗar hula, duk sanda ta gan ta sai ta yatsina fuska ta ce, "Wannan ce mai lulluɓin da ta ƙarasa ƙwace miki ɗa?" Mama kuwa takan ce, "Ki kama bakinki, 'yata ce." Ga raini ta gaba, ga raini ta baya, ita da ba ta zagi addinin kowa ba.

Da Tica ya dawo daga makaranta ya same ta ido jajir, ta kwashe komai ta faɗa masa. Ya ajiye jakarsa a hankali.

"Yanzu me kike so in yi, Auta? In kori uwata?"

"Ni na ce ka kore ta?"

"To me ya sa kike kallona haka? Matar nan ita ke tashina sallar asuba ina yaro. Ita ta riƙa raka ni makarantar Islamiyya da hannunta bayan Baba ya rasu. Sai yau ta zama ƙazanta?"

"Ni ma uwata ce ta ce za ta yafe ni!" Auta ta ɗaga murya. "Kai kana da taka a ɗaki, ni tawa ta tafi!"

Ya durƙusa gabanta ya riƙe hannayenta. "Sori. Wallahi sori. Ban san yadda zan yi ba ne."

Suna cikin haka suka ji ana jan abu a ƙasa. Mama ce ta fito tana jan akwatinta da hannu ɗaya, sanda a ɗayan.

"Zan koma wurin ƙanwata," ta ce. "Ban zo in raba 'ya da uwarta ba."

Auta ta san gidan ƙanwar: hawa na uku, babu mai riƙe ta a matakala. Ta tashi ta ƙwace akwatin.

"Babu inda za ki, Mama. Addinina bai ce in jefar da tsohuwa mai ciwo ba, cewa ya yi in kyautata miki. Umma kuma uwata ce, zan yi ta binta har ta huce."

Haka kuwa aka yi. Umma ta daina ɗaukar wayarta. Duk ƙarshen mako Auta sai ta je gida ta durƙusa ta gaishe ta, Umma ta ƙura wa talabijin ido ta ce, "Ya 'yan coci?" Wani lokaci ta ce wa mai aiki, "Ba wa baƙuwa ruwa." Auta ta haɗiye, ta share mata ɗaki, ta ninke mata kaya, ta koma mota ta yi kukanta. Lahadi kuma ta kai Mama coci, ta zauna a mota da carbinta har a tashi.

Naƙuda ta zo mata wata rana da hantsi. Ta haifi namiji, amma yaron bai yi kuka ba. Nas ta naɗe shi ta ruga ɗakin jarirai, Tica ya bi ta a guje. Aka bar Auta kan gado, ƙofa a buɗe, tana hangen baranda inda Mama ke zaune kan benci.

Can sai ga Umma afujajan, mayafi a karkace. Ta leƙa Auta, ta ji abin da ya faru, ta fito ta tsaya kan Mama.

"Ga irinta nan! Yarinya da ciki ana ta yawo da ita ƙofar coci, me ake jira ya faru?"

Umma ta je can ƙarshen bencin ta zauna, ta tattare zanenta kada ya taɓa na Mama.

Lokaci ya yi ta tafiya, babu labari. Aka kira la'asar daga nesa. Umma ta yi alwala a famfon baranda, ta dawo tana dube-dube. Masallacin asibitin yana can bayan gini, ita kuma ƙafarta ta ƙi barin ƙofar ɗakin jarirai. Ƙasa kuwa duk sawun takalma ne.

Mama ta buɗe jakarta ta zaro sabon farin zane, wanda ta saya don goyon jikan. Ta lallaɓa da ƙyar ta shimfiɗa shi a lungu.

"Hajiya, mai tsarki ne, ko sau ɗaya ba a ɗaura ba. Alƙibla nan take, na ga inda nas ta fuskanta ɗazu. Ki yi sallarki ki roƙa mana."

Umma ta cire takalmanta. Ta hau zanen ta ta da kabbara.

Barandar cike take da masu wucewa. Mama ta tsaya gabanta ta gefe, ta gitta sandarta, duk wanda ya taho ta ce, "Ku zagaya ta baya, ana salla." Babu abin dogarawa, gwiwarta sai kakkarwa take, gumi yana keto mata, amma ba ta zauna ba. Da Umma ta sallame ta ɗago, ta ga idon Mama a rufe, hawaye na zuba, leɓunanta suna motsi da irin tata addu'ar, a kan yaro ɗaya.

Umma ta daɗe tana kallonta. Sannan ta miƙe ta kamo hannunta.

"Zauna, Maman Tica. Ƙafar nan za ta kumbura."

Ba su gama zama ba Tica ya ɓullo yana dariya yana kuka. "Ya yi numfashi! Likita ya ce ya tsallake!"

"Alhamdulillahi!" in ji Umma.

"Mun gode wa Ubangiji!" in ji Mama.

Auta ta ja bargo ta rufe fuskarta, ta yi kukan da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, na daɗi.

Da aka sallame su Umma ta biyo su gida ta zauna jinya. Ba ta koma coci ba, Mama ba ta koma masallaci ba, babu wadda ta bar abin da ta yi imani da shi. Sai dai sukan yi faɗa kan wa yaron ya fi kama da shi, su ƙare da dariya.

Haƙurin Auta ya riƙe mata mijinta, ya dawo mata da uwarta, ya ƙara mata wata. Wanda ya riƙe addininsa da gaske ba ya buƙatar wulaƙanta na wani kafin nasa ya tsaya. Shiriya ta Allah ce. Abin da ke hannun mutum shi ne mutunta ɗan Adam.