Gangar Wanki da Rigar Tsoho

A can zamanin da, an yi wata mai wankau wadda sabulu ya tsattsaga mata hannuwa. Wani kafinta ya ƙera mata gangar wanki ta katako mai mariƙin juyawa, da turaku a ciki masu cuɗa tufafi. Ya ce, "Yaya, ki juya dama, ki juya hagu. Kada ki bi gefe ɗaya."

Tana juya dama, tana juya hagu, wanki yana fita fes.

Ran nan wani tsoho ya kawo babbar riga, ya ce, "'Yata, ki bi ta a hankali. Marigayiya matata ce ta kaɗa zarenta."

Wanki ya taru mata, haƙuri ya gaza. Ta ga gefe ɗaya ya fi sauri. Ta juya dama, ta juya dama. Mariƙi ya yi nauyi, maimakon ta tsaya sai ta ƙara ƙarfi. Da ta buɗe, riga ta nannaɗe a turaku, ta kece tun daga wuya har ƙasa.

Da tsohon ya dawo, ta durƙusa ta ce, "Baba, zan saya maka sabuwa."

Ya tattara tsummokaran, ya rungume su da jiƙonsu. Ya ce, "Sabuwa na nan a kasuwa, 'yata. Ba ita na kawo miki ba."