Ƙofar Ɗakin Inna

Gidan kakanmu ne kafin gwamnati ta tashe mu ta mayar da shi ofishin hukumar birni. Yau ni aka ɗauko in yi masa fenti, kuma duk furfurata sai da mai gadi ya caje ni kafin in shiga.

Bayan magariba ma'aikata sun watse, na iso ƙofar ɗakin Inna, inda yanzu ake jibge karyayyun kujeru. Har yau katakon yana ɗauke da zanen wuƙar da Baba ke yi in yana auna tsawonmu. Sakatare ya ce in shafe wannan ƙazantar.

Ina tsoma buroshi warin fenti ya ɗauke, sai ƙanshin man gashin Inna.

"Auta, tsaya tukuna."

Rabona da wannan suna tun muna gidan. Wata yarinya ce ta manna bayanta da ƙofar, ta haɗe dugadugai. Ta ratsa fentin da ya zube, amma babu sawunta.

"Duk kun tafi ba a auna ni ba," ta ce. "Duba, na ƙaru?"

Na duba. Yayata ce. Kanta ya tsaya daidai zanenta na ƙarshe, na shekarar da muka binne ta.