Abin da Murja Ta Tsamo a Kwatami

Ranar wata Laraba ce, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa bayan gidajen unguwar Kpakungu, Sheshi mai walda ya dawo daga shago ya zauna gaban talabijin. Tun kafin ya ɗauki rimot ransa ya riga ya ɓaci.

Wata biyu ke nan da ƙaninsa ya aiko masa da wani ɗan akwati daga Abuja, wanda ake jona wa talabijin a kalli ƙwallo da fina-finai ta intanet. Akwatin bai da laifi, rimot ɗin ne masifa. Siriri ne baƙi, sumul kamar ragowar sabulu, babu lamba ko ɗaya a jikinsa, sai wani ɗan fili da ake shafawa da babban yatsa. Yatsun Sheshi kuwa shekara ashirin suna kama ƙarfe, duk sun yi kanta. In ya shafa a hankali, sai abin ya yi kamar ba a taɓa shi ba. In ya ƙara ƙarfi, ya tsallake abin da yake nema ya faɗa wani wuri. Ba a ma gane kansa da gindinsa.

Yammar nan ƙwallo yake nema. Sau bakwai yana isa kanta, yatsansa na zamewa. A na takwas akwatin ya ce ya sake rubuta lambar sirri, harafi bayan harafi. Yana kan harafin ƙarshe komai ya goge.

Ladan ya ɗaga murya da kiran magariba daidai lokacin da Sheshi ya yi ashar, ya wurga rimot ɗin ta taga.

Bayan tagar akwai kwatami, inda ruwan wanka da na wanke-wanke da hanjin kifin da matarsa Zainab ke gyarawa don sayarwa suke taruwa. Ya toshe tun farkon damina. Kullum tana roƙonsa ya yashe shi, kullum sai ya ce gobe. Da rimot ɗin ya faɗa, ba ƙarar ruwa aka ji ba. Wani ɗan kuka ne siriri, kamar na jaririn kyanwa, ya tashi ya yanke.

Sheshi ya ƙwala wa 'yarsa kira. Murja ce, shekararta goma sha biyar, ta fito da buta a hannu.

"Rimot ya suɓuce ta taga. Je ki ɗauko."

"Baba, magariba ta yi."

"Na ce ki je."

Ta je. Sai da hannunta ya nitse har gwiwa cikin baƙin ruwan nan mai kumfa kafin ta laluba ta same shi. Ta dawo tana riƙe da shi da yatsu biyu, tana yunƙurin amai.

Abin mamaki, rimot ɗin bai lalace ba. Amma bai ƙara bushewa ba. A goge shi da tsumma, a shanya shi a rana, in an ɗauka sai a ji yauƙi a tafin hannu, ga wani ɗoyi na ruɓaɓɓen kifi. Hannun Murja ma haka. Ta wanke da sabulu, ta dirza da toka, ta matsa lemun tsami. In ta kai loma baki sai ta ajiye ta tashi.

A rana ta uku Zainab ta ƙulle rimot ɗin a leda ta kai tsakar gida. Da magariba ta shiga falo ta tarar da Murja zaune a ƙasa, idonta a kafe, babban yatsanta yana shafa gwiwarta, hagu, dama, hagu. A talabijin kuwa hotuna suna ta gudu, suna bin yatsan.

"Murja?"

Ba ta waiwayo ba.

Daga ranar, duk magariba sai jifa ta sauka kan kwanon gidan. Ba duwatsu ba ne, curin baƙin taɓo ne mai tsutsa, yana faɗowa yana gangarowa ta indararo. Ɗaya ya faɗa cikin tukunyar miya. Masu sayen kifi suka fara toshe hanci a ƙofa suna juyawa. Ranar da Zainab ta zagaya baya ta ga 'yarta tsugune a bakin kwatamin, tana ɗibar abin da ke ciki tana kaiwa baki a natse kamar mai cin tuwo, ranar Zainab ta yi amai har jiri ya kwashe ta. Da ta tashi ta ce wa mijinta ko ya nemo mai magani ko ta ɗauki yarinyar su tafi gidan iyayenta a Bida.

Malam Abdulhafiz na Beji ya iso washegari bayan la'asar, dattijo ne ɗan siriri mai ƙarancin magana. Ya tsaya ya daɗe yana kallon kwatamin, ya buɗe ledar ya leƙa, ya rufe.

"Yaya aka yi wannan ya shiga can?"

"Suɓucewa ya yi, Malam," in ji Sheshi.

Malam ya ajiye ledar. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da Murja, uwar ta riƙe kafaɗunta. Ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Haske na raguwa, ɗoyin na ƙaruwa, har Sheshi ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci. Can Murja ta yi wata gyatsa mai tsawo, baƙin ruwa ya zubo ta gefen bakinta, sai muryar wata tsohuwa ta fito daga maƙogwaronta.

"Ƙarya yake yi."

"Wace ce ke?" Malam ya tambaya.

"Mai wurin. Shi ya gina mana shi da ƙazantarsa, muka tare. Muna cin abinci ni da jikana ya jefo abin nan da zagi, ba ko bisimilla. Ya fasa wa yaro ido."

Zainab ta juyo ta kalli mijinta. Sheshi ya sunkuyar da kai.

"To me yarinya ta yi miki?"

"Hannunta ne ya shigo."

"Aikenta aka yi. Za ki fita."

"A yanka min baƙin bunsuru a bakin ramin."

"Ba a zubar da jini don wanin Allah. Ba za ki samu ba."

"To na tafi da hannun."

Hannun Murja na dama ya fara murɗewa baya, yatsun suna ƙara. Zainab ta fasa ihu. Malam ya ɗaga karatu, ya yi ta yi har muryar tsohuwar ta koma gurnani, hannun ya saki.

"Bari! Bari haka!" Tsohuwar na ta haki. "Hannun da ya yi jifa ya shiga inda ya aika nata. Da kansa, ba cebur, ba leda."

Malam ya juyo ga Sheshi.

"Ba don ta faɗa ba. Wannan aikin tun tuni yake kanka. In ka yashe shi, ba ta da sauran mazauni a nan." Ya koma ga yarinyar. "Ke kuma ki rantse, in ya gama ki ɗauki jikanki ki nufi daji."

Ta rantse.

Sheshi ya cire riga ya zagaya ya durƙusa a bakin kwatamin. Da hannunsa ya nitse, ɗumin abin ya fara ji. Ya kwaso gashi da ƙaya da ruɓaɓɓen tsumma, tsutsotsi suna bi ta tsakanin yatsunsa. Ya yi amai, ya goge baki da kafaɗa, ya sake turawa. Bokiti tara ya cika. A na ƙarshe Malam ya jefa ledar rimot ɗin. Da Sheshi ya zaro wani bulo da ya toshe hanyar, ruwan ya ja da wani dogon gunji, a tsakar gida kuma Murja ta yi atishawa sau uku ta sulale jikin uwarta.

Jifa ba ta sake sauka ba, ɗoyin ma ya tafi cikin kwana biyu. Amma Murja ta ƙi cin abinci. Sai ta zauna gaban kwano tana kallon hannunta, hawaye na zuba. Ba ta manta abin da hannun ya kai mata baki ba.

A rana ta huɗu Sheshi bai je shago ba. Ya wanke hannu sau uku a gabanta, ya zauna a tabarma, ya yanko tuwo ya dangwali miya ya miƙa mata.

"Ni na jefa shi, Murja. Ni na aike ki. Ki yafe min."

Ta daɗe tana kallon hannun nan mai kanta, har miyar ta fara gangarowa wuyan hannun. Zainab na tsaye a ƙofar kicin.

Sannan Murja ta matso ta buɗe baki.