Man Giya a Rami

Magariba ta riske ni kwance a ƙarƙashin tsohuwar taraktar yayana, can ƙarshen gona, ina fama da sil ɗin giyarta da ya cinye, wato robar da ke hana mai yoyo. Na manta kwanon tarar mai a gida, sai na bar man yana tsiyaya cikin wani ɗan rami da ke wurin. Wa zai gani?

Can sai kukan gyare ya ɗauke. Na ji sallamar mace, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu.

Na fito na haska tocila. Wata mata ce rungume da jariri, mai ya jiƙe masa kai har cikin kunne.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce. "Ba faɗa ya kawo ni ba. Amma dubi yaron nan. Ko wurin kwanciya ba ka bar mana ba."

Kunya ta rufe ni. Ban ma tambaye ta ina gidansu yake ba, na yi ta ba da haƙuri. Na tuɓe rigata na cusa a ramin don ta tsotse man, na danne da dutse.

Ta dubi dutsen, ta dube ni.

"Haba Malam. Ka ɓata mana ɗaki, kuma ka toshe mana ƙofa?"