'Yan Kallo Ashirin da Ɗaya

Akwai wani yaro a Sharada, ɗan aji shida. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda yanzu ya gyara halinsa.

A makarantarsu ana wani wasa da ake kira besbol. Malamin wasanni ne ya kawo shi. Mutum ɗaya ya jefa ƙwallo, ɗaya ya buga da gora, ya ruga ya zagaye kusurwa huɗu. Wata makaranta a Panshekara ma ta koya. Daga nan gasa ta shiga tsakaninsu.

Yaron nan ba ya buga wasan. Shi ɗan kallo ne, amma ya fi 'yan wasan baki. Yayansa Uwaisu, ɗan ɓangaren sakandare na makarantar, shi ne mai jefa wa Sharada ƙwallo.

Yana da taubashi a Panshekara, sunansa Sagir, ɗan Gwaggo Ladidi. Kun dai san taubasai. Tsokana ce gaisuwarsu, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

Wata Juma'a da damina, Sagir ya zo gidansu. Yana riƙe da ƙwallonsa ja. Wani baduku ne ya ɗinka masa ita da guntun fata daga Challawa. Ko banɗaki zai je, tana aljihunsa.

Suna cin dambu Sagir ya fara.

"Yaya Uwaisu, wai jifa kake yi ko miƙa wa jariri lemo?"

Uwaisu ya yi dariya. "Ci abincinka, sarkin surutu."

"Usaininmu in ya jefa, har fito iska take yi," in ji Sagir. Ya juya wajen yaron. "Kai kuma yarona, yaya filinku? Har yanzu ana tsayar da wasa tirela ta wuce?"

"Filinmu ya fi naku," in ji yaron.

"Ranar nan na ƙirga 'yan kallonku. Mutum shida ne, har da mai rake da akuyarsa."

Kowa ya yi dariya, har Umma da ke bakin murhu. Yaron kaɗai bai yi ba.

"Mun samu sabon fili," ya ce. "A cikin tsohuwar masaƙa. Manyan mutane ne ke zuwa kallonmu, ba yara ba."

Uwaisu ya dube shi. "Wane fili?"

Umma ta ajiye ludayi. "Kada in sake jin sunan wurin nan a bakinka. Ko kusa da katangarsa ban yarda ka je ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Umma."

Sagir ya matso ya raɗa masa, "In da gaske ne, turo hoto."

Masaƙar nan ta daɗe a rufe. Tun kafin a haifi yaron injinanta suka yi shiru. Ciyawa ta cinye harabar. Ta baya akwai inda katanga ta fashe, daidai shigar yaro.

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta, yaron ya shiga ta nan.

Wurin shiru. A waje ana jin ƙarar kamfanoni da hon ɗin adaidaita sahu. A ciki kuwa kamar an toshe masa kunne. Sai kwanon rufi da ke motsi shi kaɗai.

Ya ga fili mai faɗi. A gefensa akwai dogon benci na siminti. Ya leƙa wani ɗaki, ya ga shuɗɗan rigunan ma'aikata a rataye, kowace da lamba a ƙirji. Ga huluna a ƙasa. Sai dabara ta zo masa.

Kwana uku yana zuwa. Ya cusa ciyawa da tsofaffin buhuna a cikin rigunan. Ya yi musu kawuna da leda, ya ɗora huluna. Ya jera su a kan benci. Guda ashirin cif.

Ranar Alhamis ya ɗauki wayar Umma ba ta sani ba. Ya gyara zaman mutanensa, ya juya musu baya, ya yi tafiya har ƙarshen filin don kada a gane su. Ya juyo da sauri ya ɗauki hoto. Daga nesa sai ka rantse mutane ne. Nan take ya tura shi zuwa wayar Gwaggo Ladidi, ya fice ta inda ya shigo.

Sai da ya isa gida ya duba hoton da kyau. Ya ƙirga. Ashirin da ɗaya.

Ya sake ƙirgawa da yatsa, a hankali. Ashirin da ɗaya.

Ya buɗa hoton ya dubi na ƙarshen benci. Riga iri ɗaya, hula iri ɗaya. Amma nasa mutanen ba su da hannu. Wannan yana da hannu biyu, ya ɗora su a kan gwiwa. Kuma shi kaɗai ne yake kallon mai ɗaukar hoton.

Yaron ya goge hoton. Ya mayar da wayar ƙarƙashin matashi. Ko tuwo bai iya ci ba.

"Lafiyarka kuwa?" Umma ta taɓa goshinsa. "Ko zazzaɓi ne?"

"Ba komai, Umma."

"Kullum ba komai. Ni dai hankalina bai kwanta da kai ba kwanan nan."

Washegari saƙon murya ya shigo daga Sagir. "Yarona, na ga hoto. Amma sai na gani da idona."

Ranar Asabar bayan la'asar, yaron ya ce gara ya je ya rushe mutanen nan kowa ya huta. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Gari ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba.

Ya shiga. Suna nan a jere. Ya ƙirga daga nesa. Ashirin. Wurin na ƙarshe babu kowa.

Iska ta taso. Hannayen rigunan suka fara ɗagawa suna sauka, duk a tare. Hular ɗaya ta faɗi, baƙar leda ta bayyana, ba ido ba baki.

Yaron ya tsaya cak.

A gefen filin akwai wani babban ɗaki, ƙofarsa a buɗe, cikinsa baƙi ƙirin. Sai ga wani abu ya fito daga ciki. Ya yi tsalle sau biyu, ya gangaro a hankali, ya tsaya kusa da ƙafarsa. Ƙwallo ce. Babu kowa a bakin ƙofar.

Sannan ya ji an kira sunansa. Muryar ba daga ɗakin take ba. Kamar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa, a shaƙe, tana ja.

Bai san lokacin da ya bi ta katanga ba. Ƙaya ta yage masa wando. Takalminsa ɗaya ya tsaya a can.

Ya shiga gida ya zauna a lungu yana haki. Umma tana kwashe shanya saboda hadari. Kafin ta tambaye shi, wayarta ta yi ƙara. Gwaggo Ladidi ce. Muryarta har tsakar gida.

"Sagir yana wajenku? Tun azahar ya fita. Ya ce zai je ganin filin 'yan Sharada. Ya ɗauki ƙwallon nan tasa ya tafi."

"Bai zo nan ba," in ji Umma. "Inna lillahi. Wane fili kuma?"

Sai yaron ya tuna. Ƙwallon da ta tsaya a ƙafarsa ja ce. Ta fata ce. Kuma wa zai san sunansa a wurin nan?

In ya faɗa, za a san ya shiga masaƙa. Za a san ya ɗauki waya. Za a san ya yi ƙarya. Aka yi tsawa, ɗigon ruwa ya fara sauka a kan kwano.

Umma ta juyo ta gan shi. Ta dubi wandonsa, ta dubi ƙafarsa.

"Ina takalminka ɗaya?"

Sai ya fashe da kuka. Ya faɗi komai, tun daga rigunan har muryar da ta kira shi.

Ya zaci za ta dake shi. Ba ta ko ɗaga hannu ba. Ta zura hijabi, ta ƙwala wa Uwaisu kira.

"Ciro igiyar guga. Abbanku yana wajen aiki, ba za mu jira shi ba. Kai kuma wuce gaba. Ta ƙofa za mu shiga, kamar mutane."

Suka isa babbar ƙofar masaƙar, ruwa yana ƙaruwa. Uwaisu ya yi ta dukan ƙarfen da dutse. Da ƙyar aka buɗe.

Wani tsoho ne ya leƙo. Shuɗiyar riga, lamba a ƙirji, hula iri ɗaya. Yaron ya dubi hannayensa, ya ɓuya a bayan Umma.

"Umma, shi ne. Na ashirin da ɗaya."

"Mutum ne, bawan Allah," in ji Umma. "Malam Dalhatu ne mai gadi." Ta ɗaga murya. "Malam, ku yi haƙuri. Yaronmu yana ciki."

"Na'am?" Tsohon ya kara hannu a kunne. Ƙarar injin saƙa ta shekara da shekaru ta cinye masa ji.

Uwaisu ya matsa ya faɗa masa a kunne. Yaron ya nuna ɗakin da ƙwallon ta fito. Fuskar tsohon ta canja.

"Ɗakin rini ne. Akwai rami a ciki, ya fi tsayin mutum biyu. Rufin ya ɓule, duk ruwan sama a ciki yake taruwa. Ku yi sauri."

Suka wuce ta gaban benci. Mutanen ciyawa sun jiƙe, kawunansu sun sunkuya. Umma ta kalle su sau ɗaya, ta kau da kai tana addu'a.

Malam Dalhatu ya haska tocila a cikin ramin. Ga Sagir can ƙasa, ya jingina da bango, yana tsaye da ƙafa ɗaya. Ruwa ya kai masa cinya, baƙi, yana ta zuba daga sama.

"Sagir, ga mu nan," in ji Umma. "Kada ka motsa, ɗana."

Uwaisu ya yi wa igiyar zarge, ya auna, ya jefa. Ta sauka daidai kafaɗar Sagir. Ya zura ta a hammata. Su huɗu suka ja, har da tsohon, har da yaron. Tafin hannun yaron ya saɓule, amma bai saki ba.

Sagir ya fito yana rawar sanyi. Ƙafarsa ta kumbura. Ashe da ya zo ya tarar da mutanen ciyawa, dariya ya yi ta yi. Ya shiga ɗakin don ya ɓuya ya tsorata taubashinsa in ya zo. Bai ga ramin ba.

"Na yi ta kira, ba wanda ya ji," ya ce. "Da na ji tafiya, sai na jefo ƙwallon. Ita kaɗai gare ni." Ya dubi yaron. "Ka gudu ka bar ni."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Ka yafe mini. Babu wani sabon fili. Ƙarya na yi."

"Ai na gani. 'Yan kallonku ko tafi ba sa yi."

Suka fake a rumfar mai gadi har ruwa ya tsagaita. Umma ta lulluɓe Sagir da zanenta, ta kira Gwaggo Ladidi. Sannan ta sa yaron ya durƙusa a gaban Malam Dalhatu.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya nuna benci da haɓa.

"Ka san rigunan su wa ka cusa wa ciyawa? Mai lamba goma sha huɗu ta Yahaya ce, ya koma Jigawa noma. Ta kusa da ita ta Ɗahiru ce, Allah ya jiƙansa. A kan bencin nan muke cin abincin rana. Ranar Alhamis na zagayo na gan su a jere, kamar da. Na san ciyawa ce. Amma sai na je na zauna a wurina."

Umma ta share ido da bakin hijabi.

Washegari yaron ya dawo da Abbansa, ta ƙofa. Ya zazzage ciyawar. Ya wanke riguna ashirin da hannunsa mai ciwo, ya shanya, ya ninke. Malam Dalhatu yana faɗa masa sunan mai kowace riga. Abba kuma ya kawo bulo aka toshe katangar.

Bayan sati uku aka yi wasan ƙarshe a Panshekara. Sagir ya zo yana ɗingishi. Malam Dalhatu ma ya zo, yaron ne ya roƙi Abba a ɗauko shi. Uwaisu ya yi jifa mai kyau, Usaini ma haka. Panshekara ta ci da ɗaya.

"Yarona," in ji Sagir, "mutum nawa kuka kawo yau?"

Yaron ya ƙirga. "Tara. Amma duk suna da hannu."

Sagir ya yi dariya har ya riƙe ciki. Wannan karon yaron ma ya yi.

Yara, ku so ƙungiyarku, ba laifi. Amma in an tsokane ku, ku yi dariya, kada ku rama da ƙarya. Ƙaryar da yaron nan ya yi don a ce sun fi, ita ta kai ɗan'uwansa cikin rami. Gaskiyar da ya faɗa kuma ita ta fito da shi. In kun yi kuskure, ku faɗa wa iyayenku da wuri, tun ruwa bai sauko ba. Kuma don Allah, inda aka ce kada ku shiga, kada ku shiga.