Daniyel da Shuɗin Fenti

A wani gari na ƙasar Madawa, a unguwar ma'aikatan asibitin mishan, an yi wani yaro mai suna Daniyel. Yaro ne mai kuzari, amma hannunsa ya cika riga kansa tafiya. Babansa, Andarawus, mai gyaran kuran ne, wato wutar lantarki.

A ɗakin karatu na majami'arsu akwai wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta. Da ita Malama Elizabet take buga wa matan unguwa littafin koyon karatu. Innar Daniyel ma tana cikin ajin, ta fara gane baƙaƙe, kuma kullum zancenta ke nan.

To, ordinatar ta tsufa. In an kunna ta, sai a dama fura a sha ba ta gama farkawa ba. Don haka aka aiko da sababbin kayan ciki daga Yamai.

Ranar Asabar Baba ya kwance akwatin ordinatar. Ya cire tsohon allon ciki, ya sa sabo. Daniyel na tsugune yana miƙa masa turnabis, abin murɗa ƙusoshi.

"Baba, ina sabon akwatin?"

"Babu. Wannan za mu riƙe."

"Amma ya yi ja, ga lotsawa a gefe."

Baba ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. "Ka ji? Ƙarfe ne na ƙwarai. Ciki ne ya gaji, ba shi ba."

Aka kunna. Nan da nan rubutu ya fito. Malama Elizabet har da tafi. Ta ce kafin ruwa ya sauka mata su koma gona, kowace za ta riƙe littafinta a hannu.

Da marece Daniyel ya jawo abokinsa Sufyanu, wanda yake kawo musu nono daga ruga, don ya leƙa ta taga.

Sufyanu ya duba, ya kwashe da dariya. "Wagga ce sabuwar da ka cika mani kunne da ita? Ai akwatin kakata ya fi ta kyau!"

Maganar ta tsaya wa Daniyel a wuya.

Ran Lahadi bayan sujada, kowa ya watse. Daniyel ya tuna da ragowar shuɗin fentin da aka shafa wa ƙofar majami'a. Ya ɗauko gwangwanin, ya samo tsumma, ya shiga ɗakin karatu. Zuciyarsa ta ce ya bari Baba ya zo. Ya ce a'a, so yake ya ba shi mamaki.

Ya shafe sama, ya shafe gefe. Da ya zo baya, sai ya ga waɗansu ƙananan ramuka a jere. Bai ga amfaninsu ba. Ya danƙara musu fenti har suka toshe. Ya ja da baya yana kallo, yana murmushi.

Washegari Malama Elizabet ta zo. Ta ga shuɗi, ta ɗauka Baba ne ya yi. Ta kunna, ta fara aiki. Lokacin bazara ne, ko inuwa zafi take yi. Kafin rana ta take, sai ta ji ƙauri. Kafin ta miƙe, fuskar ordinatar ta yi baƙi ƙirin.

Da Daniyel ya taso daga lakwal, wato makaranta, ya tarar da Baba a ɗakin, akwatin a buɗe gabansa. Inna tana tsaye bakin ƙofa.

"Wa ya yi wannan aiki?" Baba ya tambaya.

Daniyel ya sunkuyar da kai. Ya dubi farcensa, har yanzu da shuɗi a ciki.

"Ni ne, Baba. So nike ta yi kyau."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Matso ka gani. Ramukan ga da ka toshe, su ne hancinta. Ga 'yar bantilatar, fankar da ke fitar da zafi, fenti ya ɗige ya liƙe ta. In an toshe maka hanci da baki a wannan rana, yaya za ka yi?"

"Ta mutu ke nan?"

"Sabon allon ciki ya tsira. Amma abin da ke raba kuran ya ƙone. Sai an nemo wani daga Yamai, kuma ba yau ba, ba gobe ba."

Inna ta ce a hankali, "Ashe bana ba mu da littafi."

Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara kallabinta kawai, ta juya gida. Daniyel ya ji da ma dukansa aka yi. Ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Da safe ya je gun Malama Elizabet, ya durƙusa. "Malama, ki yi mani gafara. Mi zan yi?"

Ta ce, "Rubutunka yana da kyau?"

"Mushe, malaminmu, ya ce ba laifi."

"To, nemo kwalaye."

Tun daga ranar, in ya taso lakwal, ba ƙwallo, ba yawo. Sai ya zauna ya rubuta manyan baƙaƙe a kan kwali don ajin mata. In ya gama, ya ɗauki guntun ƙarfe ya yi ta kankare fenti daga ramuka, ɗaya bayan ɗaya. Yatsunsa suka yi kanta. Sufyanu da ya ji labari, kunya ta kama shi, shi ma ya zo ya kama masa.

Ruwa ya sauka, mata suka tafi shuka, littafi bai fito ba. Duk sa'ad da Daniyel ya ga Inna tana bin kwali da yatsa a gindin itacen bedi, sai ya sunkuyar da kai.

Sai da gero ya fara fitar da kai sannan kaya suka iso a motar asibiti. Baba ya kira shi. Suka ɗaura tare. Aka kunna, 'yar bantilatar ta kama juyi. Daniyel ya kara tafin hannu a baya, ya ji iska mai ɗumi tana fita. Bayan girbi, kowace mace a ajin ta samu littafinta.

Amma a ranar gyaran, kafin a rufe akwatin, Baba ya miƙa masa turnabis. "Kai za ka ɗaure ƙusar ƙarshe."

Daniyel ya karɓa, sannan ya tsaya. "Baba, ta wane gefe ake murɗawa?"

Baba ya yi dariya har da buga cinya. "Yawwa! Yau ka zama mai gyara."

Yara, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Abin da ba ku san kansa ba, ku tambayi manya kafin ku sa hannu. Matambayi ba ya ɓata.